Tambayoyinku Kan Kutsen Shafin Intanet: Yadda Ake Gane Shi Da Yadda Ake Toshe Hanyarsa

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga masu shafukan intanet suka zo, a Abuja da kewayenta: 'yan kasuwa, masu makarantu, da matasan da ke gina wa mutane shafi. Mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye da adireshin shafukan, domin bayyana shafin da ƙofarsa ke buɗe gayyato masu kutse ne.

Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai, ina kuma da shafin da ake yin oda a kai. Kwanan nan kwastomomi na ta kira na cewa in suka nemo shagona a Google suka danna, sai wayarsu ta kai su wani shafin caca. Ni kuwa in na buɗe a kwamfutar shago lafiya lau yake fitowa. Yaron da ya gina min shi ya ce matsalar daga wayoyinsu ce. Maganar wa zan kama?
*Wata Hajiya mai shago, Kasuwar Wuse*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kama maganar kwastomominki. Da mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi sai a ce wayarsa ce ta kamu, amma mutane da dama masu wayoyi iri daban-daban ba za su haɗu a kan cuta ɗaya ba sai in daga shafin take. Yaron ma ba lallai ne ƙarya yake yi ba, da gangan aka tsara abin don kada ku biyun ku gani. Muguwar manhajar da ake dasawa a irin wannan kutse takan duba baƙo kafin ta taɓa shi: daga Google ko Facebook ya fito, ko da hannu ya rubuta adireshin? Waya ce a hannunsa ko kwamfuta? Ya shiga a matsayin mai gudanar da shafin ko a'a? Duk wanda ya yi kama da mai shafin sai a nuna masa shafi mai tsabta. Wasu ma sau ɗaya kawai suke karkatar da mutum a rana, in ya sake gwadawa ya ga komai daidai har ya ɗauka kuskurensa ne.

Ki gwada da kanki. Ki ari wayar da ba ta taɓa buɗe shafin ba, ki kashe mata wifi ki kunna data, ki nemi sunan shagon a Google, ki danna daga can. Kada ki rubuta adireshin. Daga nan ki koma akwatin neman Google ki rubuta site: ki liƙa masa adireshin shafinki ba tare da barin tazara ba. Zai jero miki duk shafukan da ya sani a ƙarƙashin sunanki. In kika ga rubutun Jafananci, ko tallan magunguna, ko ɗaruruwan shafukan da ba ki san da su ba, to magana ta ƙare. Yaron kuma ya buɗe Google Search Console, wanda kyauta ne, ya duba sashen Security Issues, ya kuma duba jerin masu mallakar shafin a wurin, domin masu kutse kan ƙara sunansu a ciki.

Akwai masu bincike daga waje, irin su Sucuri SiteCheck da VirusTotal, waɗanda adireshi kawai ake ba su. Suna da amfani, sai dai abin da baƙo ke gani kaɗai suke gani. In sun ce akwai cuta, akwai ta. In sun ce babu, ba su leƙa cikin sabar ba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta.

Ki ce wa yaron ya fara da fayil ɗin .htaccess, ya nemi layukan da suka ambaci HTTP_REFERER ko HTTP_USER_AGENT tare da wani baƙon adireshi. Sai header.php da functions.php na rigar shafin (theme, wato tsarin kamanninsa), sai teburin wp_options da wp_posts a rumbun bayanai, inda ake cusa umarnin JavaScript. Irin wannan cushen ne aikin gungun da kamfanin Sucuri ya laƙaba wa Balada Injector, wanda a 2023 ya ƙiyasta ya kama shafukan da aka gina da manhajar WordPress sama da miliyan ɗaya tun daga 2017. Amsa ta gaba ma ki nuna masa.

Ina gina wa mutane shafuka da WordPress. Akwai na wani otal da nake kula da shi. Na sha goge munanan fayiloli a ciki, amma ba a daɗewa sai su dawo, wani lokaci da sababbin sunaye. Mai otal ɗin ya fara ganin gazawata. Me nake bari a baya?
*Wani matashi, Kubwa*

Ɗan'uwa, share abin da ɓarawo ya zubar a tsakar gida kake yi, alhali mukullin da ya yanka yana aljihunsa. Mai kutse da zarar ya shiga, abu na farko da yake yi shi ne dasa ƙofofin baya, wato ƙananan fayilolin PHP da ke karɓar umarninsa daga nesa, kuma ba ya dasa guda ɗaya. Muddin ɗaya ta tsira, ko ramin da ya fara shigowa ta ciki na nan, aikinka na banza ne.

Kafin ka goge komai, ka ɗauki kwafin shafin yadda yake da cutarsa, fayiloli da rumbun bayanai, ka kuma sauke rajistar masu ziyara daga sashen Raw Access na cPanel, wato allon sarrafa asusun shafin a sabar. Kamfanonin hostin, wato masu ba shafi masauki a sabarsu, da yawa ba sa ajiye ta na dogon lokaci, kuma ita ce za ta gaya maka ta ina aka shigo. Sannan ka canza kalmomin sirri na cPanel, FTP, rumbun bayanai, duk masu gudanar da WordPress, da imel ɗin da aka yi rajista da shi. Ka yi haka daga kwamfutar da ka tabbatar da lafiyarta, domin sau da yawa daga kwamfutar mai ginin ake sace kalmar sirrin da ya adana a burauza ko a manhajar FTP. Bayan ka gama tsaftacewa za ka sake canza su.

Kada ka zauna kana tsince cuta layi-layi a fayilolin WordPress na asali. Ka goge foldar wp-admin da wp-includes gaba ɗaya, ka sauko da sababbi daga wordpress.org. Gogewa muka ce, ba ɗora sabo a kan tsoho ba, domin ɗorawa tana sauya fayilolin da sunansu ya zo ɗaya ne kawai, baƙin da aka cusa suna nan zaune. Haka za ka yi wa kowane fulogin (plugin, ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) da rigar shafin: goge, sake saukowa daga tushe. In kana da WP-CLI, manhajar ba WordPress umarni a rubuce, umarnin wp core verify-checksums zai nuna maka fayilolin da aka taɓa da waɗanda bai kamata su kasance a wurin ba, wp plugin verify-checksums --all kuma zai yi wa fulogin ɗin da suka fito daga ma'ajiyar WordPress haka.

Abin da ya rage sai an bi shi da ido. Foldar wp-content/uploads ta hotuna da takardu ce, ba ta da abin yi da fayil ɗin PHP in ban da index.php mai layi ɗaya ko biyu. Ka nemo su da find wp-content/uploads -name "*.php". Ka kuma nemi kalmomin da masu kutse ke ɓoye kod da su: eval, base64_decode, gzinflate, str_rot13, shell_exec. Ganinsu ba hukunci ba ne, akwai manhajojin kirki da ke amfani da wasu daga ciki, amma layi ɗaya mai dubban haruffa marasa ma'ana a saman fayil ba aikin mai gaskiya ba ne. Wajen neman fayilolin da aka taɓa kwanan nan, mutane kan dogara da -mtime, sai dai wannan kwanan watan ana iya mayar da shi baya da umarnin touch. Ka yi amfani da -ctime, wanda ba a sauya shi ta wannan hanyar: find . -name "*.php" -ctime -10 zai ba ka duk fayil ɗin PHP da ya canza cikin kwana 10.

Dawowar da kake gani a kan kari tana sa mu fi zargin wurare huɗu. Na farko sashen Cron Jobs na cPanel, inda za ka iya tarar da layi mai wget ko curl da ke sake sauko da cutar kowace awa. Na biyu foldar wp-content/mu-plugins, wadda duk abin da aka ajiye a cikinta yana tashi da kansa kuma ba a iya kashe shi daga allon gudanarwa. Na uku fayil ɗin .user.ini ko php.ini mai ɗauke da auto_prepend_file, wanda ke sa a karanta wani fayil kafin kowane shafi. Fulogin ɗin tsaro na Wordfence na amfani da shi a halal, don haka ka duba ina yake nunawa kafin ka taɓa. Na huɗu, kuma shi ne ya fi kama masu sana'a irinka, shi ne tara shafukan kwastomomi da yawa a asusun cPanel ɗaya don rage kuɗi. Duk shafukan da ke asusu ɗaya suna iya rubutu a foldar juna. Ka wanke na otal fes, amma wani tsohon shafi da aka manta da shi a foldar old ko test ya sake harba masa cutar a daren. Kowane kwastoma asusunsa daban. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Ka buɗe teburin wp_users ta phpMyAdmin, ba ta allon WordPress ba, domin akwai cutar da ke ɓoye sunan admin ɗin da ta ƙirƙira. Ka sauya layukan sirri takwas da ke cikin wp-config.php, waɗanda suka fara daga AUTH_KEY. Yin haka na fitar da duk wanda ke ciki, har da mai kutsen da ya riƙe tsohon izinin shiga.

Sai ka koma kan rajistar nan. Ka ɗauki lokacin da aka ƙirƙiri fayil mafi tsufa cikin munanan, ka duba me ya faru a wannan mintin. Galibi za ka ga buƙatar POST zuwa wani fayil a cikin foldar wani fulogin, sabar ta amsa da 200, wato ta karɓa. Wannan fulogin ɗin shi ne ramin. In kuwa abin da ka gani shiga ce ta wp-login.php a gwaji ɗaya daga baƙon adireshi, to kalmar sirri aka sace. Sai ka san wannan ne za ka iya ce wa mai otal an gama. Daga nan ka mayar da izinin fayiloli 644, na foldoji 755, wp-config.php kuma 600 ko 640, kada ka bar 777 a ko'ina. Ka ƙara DISALLOW_FILE_EDIT a wp-config.php, ka hana PHP aiki a foldar uploads, sannan ka nemi Google ya sake duba shafin ta Search Console.

A wani zauren Telegram ana raba rigunan WordPress da fulogin na kuɗi kyauta. Na binciki ɗaya da antibairos, bai nuna komai ba. Zan iya amfani da shi?
*Wani ɗan kasuwa, Utako*

A'a, Malam. Wanda ya zauna ya fasa kariyar manhajar da ake sayarwa da dala sannan ya raba ta kyauta, a wani wuri yake cin ribarsa, kuma wurin shi ne shafinka. A 2019 kamfanin Wordfence ya fitar da rahoto kan cutar WP-VCD, wadda ba ta buƙatar fasa kowane shafi: masu shafin ne da kansu ke ɗora ta tare da irin waɗannan kayan sata, daga nan ta bazu zuwa sauran rigunan da ke sabar, ta ƙirƙiri ɓoyayyen admin. Antibairos ɗin kwamfuta kuwa ba don kod ɗin PHP aka fi gina shi ba, kuma layi uku da ke kiran wani adireshi daga baya ba sa yi masa kama da cuta.

Ko da an yi sa'a kwafin mai tsabta ne, ba za ka riƙa samun sabuntawa ba, ranar da aka gano rauni a cikinsa kowa zai gyara nasa kai kana nan. In kuɗin lasisi ya yi nauyi a wannan canjin dala, ma'ajiyar wordpress.org na da dubban riguna da fulogin na kyauta na halal. Araha ba ta ado.

Makarantarmu ƙarama ce, babu abin sata a shafinmu, kuma akwai alamar kwaɗo a gefen adireshinsa. Duk da haka kamfanin hostin ya dakatar da mu, wai ana aika saƙonnin damfara daga asusunmu. Anya ba wata makarantar da muke gasa da ita ba ce ta sa aka yi mana?
*Shugabar wata makaranta, Gwarimpa*

Ranki ya daɗe, da wuya a ce wani ne ya nufe ku. Mafi yawan kutse manhajoji ne masu aiki da kansu ke yin sa, dare da rana suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada raunin da aka riga aka sani. Ba su san sunan makarantarku ba. A farkon Satumba 2020 an gano rauni a fulogin ɗin File Manager, wanda ke kan shafuka kusan 700,000; an fitar da gyara a siga ta 6.9, amma cikin 'yan kwanaki hare-haren suka kai ga miliyoyin shafuka, har da waɗanda ba su da fulogin ɗin ma, domin gwaji ake yi a makance. Abin da ake so a wurinku shi ne sabar kanta: a aika imel ɗin damfara da sunan da ba a sa wa ido ba, ko a ɓoye shafin bogi mai kama da na banki a wata folda. Kuma akwai abin sata: sunayen yara, hotunansu, lambobin wayar iyaye.

Kwaɗon nan shaida ce cewa abin da ke tafiya tsakanin wayar baƙo da sabarku a rufe yake, wani a hanya ba zai karanta ba. Iyakar aikinsa ke nan. Bai san me ke cikin sabar ba, kuma shafukan 'yan damfara ma suna da shi, tun da Let's Encrypt na bayar da shi kyauta. Ku riƙe shi, amma abin da zai kare ku shi ne sabuntawa. Tun siga ta 5.5 a Agusta 2020 WordPress ya ba da damar fulogin da riguna su riƙa sabunta kansu, ku kunna. Duk fulogin ɗin da ba a amfani da shi a goge shi, kashewa kawai ba ta isa ba domin fayilolinsa na nan ana iya kiransu kai tsaye. A duba sigar PHP a cPanel: 7.4 ta daina samun gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, amma har yau shafuka da yawa a kanta suke. Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da iyakar ikon da aikinsa ke buƙata, mai ɗora labarai ba ya buƙatar zama admin. A kuma sa matakin shiga na biyu da manhaja irin Google Authenticator, wadda ta fi saƙon tes aminci, domin layin waya ana iya yi masa welkom-bak a ƙwace shi.

Na rubuta wa wata makarantar Islamiyya manhajar duba sakamako da PHP da MySQL. Wani abokina ya canza lambar da ke ƙarshen adireshi daga 214 zuwa 215, sai ga sakamakon wani ɗalibi. Yaya zan gyara, kuma me ya kamata in ƙara dubawa?
*Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Gwagwalada*

Abokinka ya yi maka babban alheri. Wannan raunin shi ne na ɗaya a jerin manyan raunuka goma da ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP ta fitar a 2021, wato rashin tantance wanda ke da izinin ganin me. Manhajarka ta tambayi "ya shiga?" amma ba ta tambayi "nasa ne?" ba. Gyaran ba ɓoye lambar ba ne, ba kuma mayar da ita doguwa ba. Bayan ɗalibi ya shiga, ka ajiye lambarsa a $_SESSION, ka riƙa ɗauko sakamako da wannan lambar, ba da wadda ta zo a adireshi ba. Inda dole lambar ta zo daga waje, kamar malamin da ke duba 'yan ajinsa, sabar ta tabbatar a kowace buƙata cewa ɗalibin na ajin malamin ne. Ɓoye maɓalli a allo ba tsaro ba ne. Wanda ya san adireshin shafin admin zai rubuta shi da hannu, don haka kowane fayil ya yi nasa binciken. Har takardun PDF na sakamako: in suna cikin public_html da sunaye a jere, kowa na iya sauke su ba tare da ya shiga ba. Ka ajiye su a waje, PHP ta miƙo su bayan ta tantance.

Na biyu, duba yadda kake haɗa umarnin SQL. In kana manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarnin, wani zai rubuta ' OR '1'='1 a akwatin shiga ya sauya ma'anar umarnin gaba ɗaya, har ya kwashe teburin duka. Maganin shi ne prepare da execute na PDO ko mysqli, inda umarni ke tafiya daban, bayanin mutum daban, da alamar tambaya a gurbinsa. Kada ka bar ko wuri ɗaya, har da akwatin bincike da zaɓin zangon karatu. Asusun MySQL da manhajar ke amfani da shi kuma kada ya zama root.

Na uku, duk abin da mutum ya rubuta da za ka nuna a allo, kamar suna ko sharhin malami, ka bi da shi ta htmlspecialchars. In ba haka ba wani zai sa JavaScript a gurbin sunansa, ya tashi a burauzar shugaban makaranta ya sace izinin shigarsa. Kalmomin sirri kuma password_hash da password_verify za ka yi amfani da su. MD5 ya daɗe da tashi daga aiki, ana gwada biliyoyinsa a daƙiƙa da katin hoton kwamfuta.

Wurin ɗora hoton fasfo na buƙatar kulawa ta musamman, domin ta nan ake shigo da ƙofar baya da suna irin hoto.jpg.php. Ka karɓi jpg da png kaɗai, ka duba ainihin nau'in fayil ɗin da finfo maimakon yarda da abin da burauza ta faɗa, ka sa masa sabon suna da kanka, ka iyakance girmansa.

A ƙarshe ka rubuta adireshin shafin ka ƙara masa /.env, sannan /.git/config, sannan /backup.zip da /phpinfo.php. In ɗaya ya buɗe, ka ɗauka an riga an karanta shi, ka cire shi ka canza duk sirrin da ke ciki. Ka kashe display_errors, in Laravel ne kuma APP_DEBUG ya zama false. Irin waɗannan gwaje-gwajen a kan manhajarka kaɗai za ka yi su, ko wadda mai ita ya ba ka izini a rubuce. Taɓa ta wani ba da izini ba laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ko da da kyakkyawar niyya ne.

Shafina ya nuna an biya kuɗin wata waya ta ₦185,000, yarona har ya tura kayan, sai daga baya muka ga ₦185 kawai aka biya. An fasa kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ne?
*Wani Alhaji mai sayar da wayoyi, Wuse 2*

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kusan a kullum irin wannan daga ginin shafin yake. Ko dai farashin yana tafiya ne ta burauzar mai saye, inda zai iya sauya shi kafin a tura, ko kuma shafin na yarda an biya da zarar mai saye ya dawo kan allon "an gama". Duk abin da ya ratsa ta wayar mai saye yana hannunsa. Farashi daga rumbun bayananka za a ɗauko shi, a sabar. Bayan biya kuma sabar ce za ta tambayi kamfanin kai tsaye da lambar cinikin, ta tabbatar da abu huɗu: cinikin ya yi nasara, adadin ya yi daidai da na odar, kuɗin naira ne, kuma ba a taɓa amfani da wannan lambar a wata oda ba. Mai gininka ya lura cewa Paystack, alal misali, da kobo yake lissafi, don haka ₦185,000 za ta zo a matsayin 18500000. Kuma saƙon da yake turo wa sabar yana ɗauke da sa hannu a x-paystack-signature, wanda dole a tantance shi kafin a yarda. Mukullin sirri mai farawa da sk_live kada ya taɓa bayyana a JavaScript ko a manhajar waya.

Kada kuma ka yarda a gina maka akwatin karɓar lambar kati a shafinka, ka bar mai saye ya rubuta ta a allon kamfanin biyan. A 2018 'yan layukan JavaScript da aka cusa a shafin British Airways suka kwashe bayanan katin dubban ɗaruruwan fasinjoji, hukumar kare bayanai ta Birtaniya kuma ta ci tarar kamfanin fam miliyan 20 a 2020. Kafin a gyara, kada kaya su bar shago sai an ga kuɗin a allon kamfanin biyan.

An shiga shafin asibitinmu, kuma da alama an kwashi sunaye da lambobin wayar marasa lafiya. Mun gyara. Dole ne mu faɗa wa wani?
*Wani ma'aikacin asibiti mai zaman kansa, Garki*

Dole ne, Malam. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da kuka sani, matuƙar abin na iya cutar da masu bayanan. In haɗarin babba ne, su ma sai an sanar da su nan take cikin harshen da za su gane, tare da abin da ya kamata su yi. Bayanan lafiya na cikin waɗanda dokar ta ware a matsayin masu tsananin sirri. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Ku kuma kai rahoto ga ngCERT, cibiyar kula da hare-haren intanet ta ƙasa da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ku adana rajistar sabar da kwafin shafin na lokacin kutsen, ku tuntuɓi lauya.

Ko ba don doka ba, mutumin da aka ɗauki lambarsa da sunan asibitin da yake zuwa shi ne wanda gobe za a kira a ce daga asibiti ne, ya turo kuɗin gwaji. In kun gaya masa tun yau ba zai tura ba.

Kamfanin hostin ya ce yana ajiye mana kwafin shafi. Wannan bai wadatar ba?
*Sakatariyar wata ƙungiyar mata, Nyanya*

Bai wadatar ba, 'yar'uwa. Ki tambaye su kwafin kwana nawa suke riƙewa da inda suke ajiye shi. Cuta kan yi makonni a kwance kafin ta nuna kanta, in na kwana bakwai kaɗai ake ajiyewa to duka bakwai ɗin na iya zama masu cutar. In kuma a saba ɗaya suke da shafin, abin da ya ci shafin zai ci su. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace, fulogin irin UpdraftPlus zai riƙa tura fayiloli da rumbun bayanai zuwa Google Drive na ƙungiyar, ku riƙe na aƙalla wata ɗaya zuwa uku, ku kuma sauke ɗaya a faifan ajiya duk ƙarshen wata. Kada a bar kwafin a cikin public_html.

Ku tabbatar sunan shafin da asusun hostin da imel ɗin ƙungiya aka yi musu rajista, ba da na wanda ya gina ba, kuma mutum biyu cikin shugabanni na da hanyar shiga. Duk bayan wata uku ku sa mai kula da shafin ya ɗauki kwafin ƙarshe ya tayar da shi a wani wurin gwaji a gabanku, ku buɗe shafuka biyu-uku, ku duba hotuna sun fito, ku shiga allon gudanarwa, sannan ya goge wurin gwajin a ranar.